Matasan Damari Da Neman Halali Ta Hanyar Ɗaukar Hoto

Idan aka ambaci Damari a ƙasar Birnin Gwari, abin da ke fara zuwa zukatan jama'a shi ne ta'asar 'yan bindiga, musamman abin da ya faru a watan Yulin 2022, lokacin da mutane suka riƙa ficewa daga garin domin tsira da rayukansu. Sai dai tun kafin ya zama kanun labarai, Damari gari ne na manoma da 'yan kasuwa, kuma kamar sauran garuruwanmu, yana da matasan da ke ɗaukar hoto da wayar hannu don nishaɗi kawai. Wannan sha'awa za ta iya zama sana'ar da za ta rufa wa mutum asiri, muddin ya san inda zai fara.

Kasuwa ta farko tana bakin ƙofa. Ɗalibi mai cike fom ɗin makaranta da matashi mai neman aiki duk suna bukatar hoton fasfo, kuma sau da yawa kuɗin motar zuwa birni ya fi kuɗin hoton kansa. Matashin da ya mallaki ƙaramar na'urar buga hoto da farantin hasken rana ya ɗauke wa jama'a wannan wahala, shi kuma ya sami na cefane. Haka nan ɗaurin aure da suna da saukar Alƙur'ani da shagalin Sallah ba sa yankewa.

Ta biyu ita ce harkar fatauci. A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta shafe shekaru a rufe. Mai saye da ke Kaduna ko Funtuwa yakan so ya ga sa ko buhun masara ta WhatsApp kafin ya kama hanya. Gani ya kori ji, don haka dillalin da ya sami mai ɗaukar masa hoto mai kyau, wanda ba a yi wa kwaskwarima ba, ba zai ƙi biyan lada ba.

Ta uku ita ce ta duniya. Fati Abubakar, ma'aikaciyar jinya daga Maiduguri, ta fara sanya hotunan rayuwar yau da kullum ta mutanen Barno a Instagram cikin 2015, a daidai lokacin da ba a jin komai daga can sai tashin bam, har manyan kafafen yaɗa labarai na ƙasashen waje suka nemi aikinta. Shi kuwa Sani Maikatanga na Kano ya zo na ɗaya a gasar Wiki Loves Africa ta 2023 da hoton ambaliyar Auyo. Ƙasar Birnin Gwari ma tana da abin nunawa: gandun dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 kuma ya zama na ƙasa a 1999, yana da magangarar Dogon Ruwa da Goron Dutse da Tsaunin Rema. Amma babu hoton da ya kai darajar rai, saboda haka kada kowa ya shiga dajin sai da izini da rakiyar hukuma.

Wajibi ne kuma a kiyaye abubuwa biyu. Na farko, a nemi yardar mutum kafin a ɗauke shi, musamman mata da ƙananan yara. A wurin da ya sha fama da tsoro, hoto ɗaya da ya yaɗu zai iya sa a zargi bawan Allah da kai rahoto, ya rasa ransa. Na biyu, mai hoto ya san haƙƙinsa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare hoto kamar yadda ta kare littafi, don haka a yi ciniki a rubuce, a fayyace ko sayarwa aka yi ko izinin amfani aka bayar.

Daga ƙarshe, ina kira ga ƙaramar hukuma da masarautar Birnin Gwari da su gayyato ƙwararru su horar da matasa, su kuma riƙa ba su aikin ɗaukar hotunan tarurrukansu maimakon ɗauko wasu daga Kaduna. Ta haka matasan za su sami abin yi, tarihin Damari kuma ya tattaru a hannun 'ya'yanta. Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa.