Gulbi Ɗaya, Dokoki Biyu: Manomi da Tsabtar Ruwan Sha

Gulbin Maraɗi yana tasowa daga Najeriya, ya ratsa madatsar ruwa ta Jibiya, ya shiga Nijar ta wajen Madarunfa, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da kogin Rima. Don haka abin da aka zuba masa a sama, mutanen ƙasa ne ke shan sa, ko da tutar garinsu daban ce.

Manoman fadama da dama sun san abin da ya kamata. Suna barin ciyawa a bakin gulbi don ta tare ƙasa da taki, ba sa wanke injin feshi a mashaya, kuma suna raba takin zamani kashi-kashi maimakon su zuba shi gaba ɗaya. Sai dai niyyar manomi ba ta isa ita kaɗai.

Mu duba zancen gona. Wanda ya karɓi aron fili na shekara ɗaya da wuya ya bar taku biyar bai shuka ba, domin bai san ko shi zai noma wurin baɗi ba. A Nijar, dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye da ke rubuta aro da jingina. A Najeriya kuwa dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnoni amana. Inda takarda ta tabbatar wa manomi zamansa, a nan ake ganin ya kula da bakin ruwa.

Maganin feshi ma haka. Najeriya na da hukumar NAFDAC, Nijar kuma na bin kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magunguna, kuma jerin abin da suka amince da shi ba ɗaya ba ne. Maganin da aka hana a wannan gefe yakan ƙetara ya fito a rumfar wancan, wani lokaci a kwalbar da ba ta da rubutu. Ƙasashen biyu sun sa hannu kan yarjejeniyar ruwan da suka yi tarayya a Maiduguri a 1990, amma a ganina yarjejeniya ba ta kai rijiya sai da malamin gona da mai auna ruwa.

Mu a ɗakin shan magani muke ganin ƙarshen lamarin. Sinadarin naitiret na taki yakan sauka cikin rijiya marar zurfi, kuma ya fi cutar da jariri ɗan ƙasa da wata shida, har leɓɓansa su yi shuɗi-shuɗi. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da wannan sinadari. Shi ya sa muke roƙon iyaye mata su riƙe nono zalla har wata shida.

Ku 'yan kasuwa, kada ku sari maganin da ba shi da lambar rajista, kada kuma ku sayar da galan ɗinsa don zuba ruwa ko mai. A huda shi. In aka yi taron unguwa, ku tambayi mai gari da kansila yaushe aka auna ruwan rijiyarku, kuma me awon ya nuna.