Motocin da ke shiga tafin hannu

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Damagaram, ko tsakanin Tawa da Yamai, cikin shekarun 1970 da 1980, bai manta da Peugeot 404 ba, musamman mai buɗaɗɗen baya wadda ake lulluɓa wa tamfol, a loda mata buhunan hatsi da mutane da bisashe. A 1960 aka fara ƙera ta a Faransa. Yau sai an sha wuya kafin a ga guda tana tafiya bisa hanya, don yawancinsu sun zama tarkace bayan garejin makanikai. Amma akwai inda 404 take nan sabuwa ƙal, fentinta bai kwarje ba, fitilunta ba su fashe ba: cikin kabad mai gilashi, a ɗakunan waɗansu mutane na Faransa da Ingila da Japan. Sai dai wannan 404 ba ta cika tafin hannu ba.

Masu waɗannan ƙananan motoci ba yara ba ne. Manyan mutane ne, da malaman makaranta da likitoci da tsofaffin ma'aikata, kuma sun kasu kashi biyu. Akwai masu tara motocin zubin ƙarfe, waɗanda ake sayowa a game. Akwai kuma masu sayen mota gunduwa-gunduwa cikin kwali, su zauna su haɗa ta da hannunsu. Abin da ya haɗa su duka shi ne awo, kuma awon nan shi ya raba aikinsu da wasan yara.

A bisa kowane kwali ana rubuta lamba kamar 1/43 ko 1/24. Ma'anarta ita ce an raba kowane awo na motar gaske gida 43, ko gida 24. Tsawon 404 ya kai wajen mita 4 da santimita 40. In aka raba shi gida 43, za a sami santimita 10 da ɗan wani abu. In gida 24 ne, wajen santimita 18. Ba tsawo kaɗai ake rabawa ba: faɗin ƙofa, da girman taya, da tazarar da ke tsakanin fitila da fitila, kowanne sai ya bi wannan lissafi. Da yake ragin ya shafi tsawo da faɗi da tsayi gaba ɗaya, wurin da motar gaske guda take cikawa zai ɗauki ƙanana kusan dubu 80 na awon 1/43. Mai shakka ya ɗauki alƙalami ya riɓa 43 sau 43, abin da ya samu ya sake riɓa shi sau 43.

Me ya sa 43, ba 40 ko 50 masu sauƙin lissafi ba? Asalin abin daga jirgin ƙasa ne. A birnin Libaful na Ingila, kamfanin Meccano na Frank Hornby yana yin ƙananan jiragen ƙasa, inda milimita 7 take tsaya wa ƙafa guda ta awon Ingilishi, watau rabi gida 43 da ɗoriya. Sai aka ga tashar jirgi ba ta kyau in babu motoci a bakinta. A 1934 waɗannan motoci suka sami sunan Dinky Toys, kuma ba a daɗe ba kasuwarsu ta tsaya da ƙafarta, ba ta jiran jirgin. Lambar 43 kuwa ta zauna, har ta zama awon da masu tarawa a Turai suka fi bi.

Ƙarfen da ake zuba su da shi ana kiransa zamak: galibinsa tutiya ce, da ɗan alminiyom da jan ƙarfe da wani sinadari mai suna magnesiyom. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane a kasuwar Katako ta Yamai ya riga ya ga tushen aikin. Bambancin shi ne mai tukunya cikin yashi yake zubi, ya rushe ya sake. Masu mota kuwa cikin mazubin baƙin ƙarfe, wanda inji yake tura narkakken zamak ciki da ƙarfi, har layin ƙofa da maɗaurin taya su fito. Sassaƙa mazubin shi ne babban aiki mai cin kuɗi, amma in an gama shi sai ya haifi motoci dubbai. Zubin farko yana da wata cuta. In dalma ta gauraya da tutiyar, ko kaɗan ce, bayan shekaru sai ƙarfen ya kumbura, ya tsattsage, ya marmashe kamar busasshen tuwo. Motoci da yawa na kafin Yaƙin Duniya na Biyu haka suka lalace cikin kabad, ba wanda ya taɓa su, kuma cutar ba ta da magani.

Faransawa ba su zauna kallo ba. Dinky tana da masana'anta a Bobigny, kusa da Paris. A 1946 ƴan'uwa masu sunan Véron suka kafa Norev kusa da birnin Liyon. Sunan nasu ne suka karanta daga baya zuwa gaba. Ɗayansu, Émile Véron, ya ware a 1961 ya kafa kamfanin da ya zama Majorette. Cikin abin da Dinky ta Faransa ta fitar akwai manyan motocin Berliet, har da ta masu haƙar man fetur a Sahara, da kuma Gazelle mai taya shida. Gazelle ɗin nan ba baƙuwa ba ce a ƙasar Nijar: irinta ce ayarin Berliet ya ratsa Tenere da ita a ƙarshen 1959 da farkon 1960, daga Aljeriya har ƙasar Cadi. Sunan Berliet ya ɓace daga goshin sababbin motoci a 1980, bayan an haɗe kamfanin da na Renault.

Aikin masu haɗawa da hannu ya fi wuya. A Faransa sunan da aka fi sani shi ne Heller, wanda Léo Jahiel ya kafa a 1957. In aka buɗe kwali, ba mota za a gani ba, sai waɗansu rassa na roba mai tauri, ƙananan sassa suna maƙale da su kamar ƴaƴan itace, kowane da lambarsa, sa'an nan takarda mai zane tana nuna abin da ke bin wani. Da wuƙa mai kaifi ake yanko sashe, a goge bakinsa har ya yi sumul. Ana gwada shi wurinsa tukuna, ba tare da gam ba. Gam ɗin ma ba irin na takarda ba ne: narkar da fuskar robar yake yi, sassan biyu su zama guda, shi ya sa in ya ɗiga bisa gilashin mota ya bar tabo ke nan har abada. Daga inji ake farawa, a bi da ƙasan mota, da kujeru, da sitiyari. Gangar jiki ita ce ta ƙarshe. Fenti kuwa shafa kaɗan-kaɗan ake yi, sau biyu ko uku, a bar kowane shafi ya bushe. Mai gaggawa da ya lafta shi sau ɗaya zai binne layukan da masassaƙin mazubi ya sha wahala kansu. Lambobi da tambura suna zuwa bisa wata takarda da ake tsomawa cikin ruwa, su saki, a zame su a hankali zuwa jikin motar. Ƙaramar mota takan ci maraice da yawa. Babbar Citroën 15 ta Heller, mai awon 1/8, tsawonta wajen santimita 60, sassanta sun haura dubu. Wannan aikin watanni ne.

Wajen bin awo sau da ƙafa, Japanawa sun yi suna. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka da katako ya fara a 1946, kafin ya koma roba. Cikin shekarun 1970, da suka so yin ƙaramar Porsche ta tsere, hotuna ba su ishe su ba: sai suka sayi Porsche 911 ta gaske, suka kwance ta don su auna abin da ido ba ya gani daga waje. Su ne kuma suka fitar da Peugeot 405 a awon 1/24, wadda Ari Vatanen ya ci tseren Paris zuwa Dakar da ita a 1990, tseren da ya ratsa ƙasar Nijar. Tun 2009 tseren ya bar Afirka. Akwai masu haɗa irin wannan mota su gama ta tsaf, sa'an nan su bi ta da garin launi mai kama da jan ƙura, su dusashe gilashin sai inda magogi ya share, domin a ganinsu motar da ta fito Tenere ba ta da hujjar yin ƙyalli.

Tsakanin mai tarawa da mai haɗawa akwai saɓani da ba ya ƙarewa. A wurin mai tarawa, darajar abu ita ce ya zauna yadda ya fito daga masana'anta. Tsohuwar Dinky mai ɗan kwarzane ta fi wadda aka sake wa fenti tsada, kuma wadda ke tare da kwalinta na asali ta fi wadda ba ta da shi nesa ba kusa ba. Kwalin da yaro ya yaga ya yar ran da aka ba shi kyauta, shi ne yau ake nema ruwa a jallo. Haka ma tsohon kwalin Heller da ba a taɓa buɗewa ba: ran da aka yanki sashe guda, kuɗinsa ya faɗi. Mai haɗawa kuwa gani yake motar da ba a haɗa ba ba mota ba ce, roba ce kawai. A nan hujjarsa ta fi ƙarfi, don wanda ya zana mazubin bai zana shi don a ɓoye cikin kwali ba.

Abin da ya ƙara wa tsofaffin kaya tsada shi ne mutuwar wuraren da aka yi su. An daina zubi a Bobigny a farkon shekarun 1970. Masana'antar Libaful ta rufe a watan Nuwamba na 1979, ma'aikata suka rasa aiki. Majorette ta faɗa hannun kotu saboda bashi a 1992, aikinta kuma ya koma ƙasar Tailan, inda ladan ƙwadago ya fi sauƙi. Yaran Turai sun koma wasannin allon talabijin da na kwamfuta, sai kasuwar ta dogara ga iyayensu, masu neman motar da suka gani a ƙofar gida suna ƙanana.

A Maraɗi da Damagaram da Agadas ma ana yin ƙananan motoci, ba da kwali ko takardar zane ba. Yaro yakan fere karan dawa, ya tsaga ɓawon ya yi ƙusoshi da shi, ya haɗa babbar mota da shingenta. Wani da waya yake lanƙwasa tasa, ko ya fasa gwangwanin madara ya daddale shi, ya yanko tayoyi daga tsohon takalmin roba. Awonsa ido ne, bai san 43 ba, bai san 24 ba, amma direban tasha in ya duba zai faɗi ko Toyota ce ko Peugeot. Akwai kuma abu guda da yake yi wanda masu kabad ba su yi: yakan ja doguwar waya daga tayoyin gaba har ƙugunsa, ya naɗe bakinta ya zama sitiyari, ya bi motarsa a baya yana karya kwana cikin rairayi.