Fitilar Injin Ta Kunna, Sai Me?

Motoci nawa ne ke yawo a titunan Kano da Kaduna da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar injin tana ci a gaban direba, wata da watanni, har ido ya saba da ita? Wasu ma baƙin salatif suke manna mata don su huta. Alhali kwamfutar motar ce, wadda makanikai ke kira burenbos, take sanar da cewa ta ga abin da bai yi mata ba, ta kuma rubuta ta ajiye.

Tun 1996 doka ta wajabta tsarin OBD-II a kan ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur, a 2004 ga masu dizal. Saboda haka galibin 'yan Kwatanon da muke hawa suna da wani soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. A nan ake jona na'urar bincike, ta fito da harafi ɗaya da lambobi huɗu. Idan harafin P ne, maganar injin ce ko giya.

Inda ake tafka asara shi ne ɗaukar lambar a matsayin sunan kayan da za a sayo. Ba haka ba ne. Lambar tamkar majinyaci ce da ya ce kansa na ciwo: ya faɗi inda yake ji, gano cutar kuwa aikin likita ne. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai yadda ya kamata, amma ba ta ce fulogi ne ko kwayil ko nozul ba. Makanikin da ya san hannunsa zai cire kwayil ɗin silinda ta ɗaya ya musanya shi da na ta biyu, ya goge lambar, ya zaga da motar. In ta dawo P0302, laifin ya bi kwayil, magana ta ƙare. In ta tsaya a P0301, sai ya koma kan fulogi. Ko sisi ba a kashe ba tukuna.

Haka P0171, mai cewa iska ta rinjayi mai. Da yawa sai su ruga sayen sabuwar sansa ta salansa, alhali sau da yawa robar shigar iska ce ta tsage, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe sansar da ke auna iska, ko famfon mai ya gaji.

Akwai kuma lambobin da mu muke jawowa da hannunmu. An cire tamostat wai ƙasarmu da zafi, an haɗa fanka kai tsaye, injin ya kasa kaiwa zafin aikinsa, sai P0128 ta fito, motar kuma ta riƙa shan mai. An fasa salansa an kwashe indomin da ke tace hayaƙi, sai ga P0420. Wannan ko sau goma aka goge ta, za ta dawo.

Cire kan batir ma gogewa ce kawai, har da bayanan da kwamfutar ta adana na halin da injin yake ciki lokacin da matsalar ta auku. Don haka ka sa a rubuta maka lambar a takarda kafin kowa ya taɓa komai. In fitilar a tsaye take, kana iya lallaɓawa zuwa gareji. In tana ƙyaftawa, injin kuma na kakkarwa, ka sauka gefe ka kashe, domin ɗanyen mai ne ke gangarawa salansa yana ƙona matatar hayaƙin.

Mai shirin sayen mota kuma, ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da injin ba. Dole fitilar ta kama tare da sauran, ta mutu bayan injin ya tashi. In ba ta kama ba sam, ya tambayi dillali ina aka kai ƙwan.