Yadda kogi ya daina makantar da mutane a ƙasar Birnin Gwari

A shekarar 2008 wata tawagar ma'aikatan lafiya ta shiga ƙauyuka da dama a jihar Kaduna, wasu a ƙasar Birnin Gwari, wasu a wajejen Kauru da Lere. A kowane gari sai a tara jama'a, a ɗan tsinke fata ƙanƙanuwa daga ƙugun mutum, a jiƙa ta a ruwan gishiri, a sa a na'urar hangen ƙwayoyin cuta. Mutum 3,703 aka duba. Ba a ga tsutsa ko ɗaya ba. Shekara kusan ashirin kafin nan, da aka yi irin wannan gwaji a ƙauyukan, wajen rabin mutanen ne ke ɗauke da tsutsar da ke jawo makantar kogi, a wasu garuruwan ma sun haura kashi 80 cikin 100.

Kafin a gane girman wannan abu, sai an san ƙasar. Wanda ya taso daga Funtua ya nufi Birnin Gwari ta Dogon Dawa zai ga yadda ƙasa ke sauyawa. Fili yana raguwa, itatuwa suna ƙara kauri, duwatsu suna fitowa, damina tana ƙara tsawo. A arewa, wajen Katsina da Daura, yawancin rafuka rairayi ne, ruwa ya zo ya wuce cikin 'yan watanni. A nan kuwa kogin Mariga da rassansa suna gudu a kan dutse, suna kumfa, ta gefen dajin Kamuku. Wannan ruwa mai gudu shi ne albarkar manomi da masunci da makiyayi. Shi ne kuma gidan wani ɗan mitsitsin baƙin ƙuda, wanda ba ya iya hayayyafa a ruwan da ke kwance. Macen tana saka ƙwai a jikin duwatsu da ciyayin da ruwa ke duka, domin 'ya'yanta suna buƙatar iskar da ke cikin ruwa mai motsi. Da rana take cizo, daidai lokacin da ake noman fadama, ake wanki, ake shayar da shanu.

Idan ta ciji mai cutar ta kwaso ƙananan tsutsotsi, bayan kamar mako guda ta kai wa wani. A jikin mutum tsutsar tana girma, ta dunƙule a ƙarƙashin fata ta zama ƙululu a ƙugu ko a haƙarƙari, ta yi shekara goma zuwa sha biyar tana haihuwa, ɗaruruwa a kowace rana. 'Ya'yan nan ne ke yawo cikin fata. Su ne ke kawo ƙaiƙayin da ke hana barci, har mutum ya riƙa susa da dutse ko da marfin kwano. Fata ta yi kaushi, ƙwauri ya yi dabbare-dabbare, matashi ya koma kamar tsoho. Idan suka shiga ido suka mutu a can, kumburin da ke biyo baya yana cin gani a hankali, shekara bayan shekara, har duhu ya rufe.

Abin da ya fi taɓa ni a cutar nan shi ne wanda take zaɓa. Ba jariri take makantarwa ba, ba kuma lallai tsoho tukuf ba. Magidanci ne mai shekara talatin da wani abu ko arba'in, mai ƙarfin riƙe fartanya, wanda gida ya dogara da shi. Idan ya makance, yaron da ya kamata ya tafi makaranta shi ke zama ɗan jagora. Mutum biyu ke nan gida ya rasa. A ƙasashen Yammacin Afirka da dama, har da kwarin kogin Hawal a arewa maso gabashin Najeriya, garuruwa sun tashi daga bakin kogi sun koma kan tudu mara albarka, suka bar ƙasa mai kyau saboda sun lura ido ba ya daɗewa a wurin. Mutanen karkara sun riga likitoci gane cewa akwai alaƙa tsakanin ruwan da makanta.

A 1974 aka fara wani babban shiri na fesa maganin ƙwari a koguna daga jiragen sama, a Burkina Faso da Mali da Ghana da Nijar da maƙwabtansu. Najeriya, wadda a lokacin ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu cutar, ba ta cikin shirin. Magungunan da ake da su a lokacin kuwa suna da haɗari, wani ma yana iya ƙara lalata idon da ake son ceta.

Mafita ta fito daga inda ba wanda ya zata. Wani masani ɗan Japan, Satoshi Omura, yana da ɗabi'ar ɗebo ƙasa duk inda ya je don ya bincika ƙwayoyin halittar da ke cikinta. A cikin ƙasar da aka ɗebo kusa da wani filin wasan golf aka sami ƙwayar da William Campbell da abokan aikinsa a kamfanin Merck na Amurka suka fitar da maganin tsutsa daga gare ta. Da farko na dabbobi ne, makiyayanmu sun san shi da sunan Ivomec. Dakta Mohammed Aziz ya gwada shi a kan mutane a Dakar a 1981, aka ga yana aiki. A 1987 shugaban kamfanin, Roy Vagelos, ya sanar cewa za su ba da shi kyauta da sunan Mectizan, ga duk mai buƙata, har tsawon lokacin da ake buƙata. Omura da Campbell sun karɓi lambar yabo ta Nobel a 2015.

Amma akwai tambayar da sai a ƙauyukan Kaduna aka amsa ta. An san maganin yana kashe ƙananan tsutsotsi, shin yana kare ido? Farfesa Adenike Abiose, likitar ido a Kaduna a lokacin, ta jagoranci binciken da aka yi a ƙauyukan jihar a ƙarshen shekarun 1980, kuma sakamakon da aka buga a 1993 ya nuna cewa shan maganin sau ɗaya a shekara yana rage lalacewar jijiyar gani. Ina ganin ya kamata ɗaliban jihar nan su san sunanta kamar yadda suka san na gwamnoni.

Sai kuma aiki mafi wuya. Maganin ba ya kashe uwar tsutsar, 'ya'yanta yake kashewa, ya kuma hana ta haihuwa na wasu watanni. Ke nan dole gari gaba ɗaya ya sha kowace shekara har uwayen su tsufa su mutu da kansu. Wa zai kai ƙwaya ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, shekara sha biyar a jere? Ƙungiyar Sightsavers da ma'aikatar lafiya ta jiha suka kawo maganin, amma dabarar da ta yi nasara, wadda shirin APOC na yaƙi da makantar kogi a Afirka ya yaɗa bayan kafa shi a 1995, ita ce a bar wa gari aikinsa. Jama'a su zaɓi mai rabo daga cikinsu, su tsayar da rana, a ba shi littafin rajista da sanda mai alamomi. Ba sikeli, ba likita. A tsayar da mutum a jikin sandan, tsawonsa ya nuna ko ƙwaya ɗaya zai sha ko huɗu. Ƙananan yara da masu juna biyu a ɗaga musu. Yawancin masu rabon nan manoma ne da ba su da albashi. Suka riƙa bin gida-gida, suna lallashin wanda ya ce lafiyarsa ƙalau, da wanda ya sha bara ya yi ƙaiƙayi ya rantse ba zai ƙara ba. Mutane da yawa sun karɓe shi don wani dalili na daban: sun ga yana fitar da tsutsar ciki, yana kashe ƙwarƙwata, yana maganin ƙazuwa.

Sakamakon gwajin 2008 ya fito a 2012, a rahoton da Afework Tekle da abokan aikinsa suka buga. Kafin shi an sami irin wannan labari daga Mali da Senegal, amma a duk faɗin ƙasashen da APOC ke aiki a lokacin, Birnin Gwari da Kauru da Lere ne suka fara ba da shaidar cewa da ƙwaya kawai ana iya kawar da cutar, ba rage ta kaɗai ba. Daga baya gwamnatin tarayya ta tabbatar an katse yaɗuwarta a jihar Kaduna. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta rabu da makantar kogi.

Ƙudan dai yana nan a bakin Mariga, yana cizo kamar da, tsutsar ce babu a bakinsa. Yana iya bin iska ya yi tafiya mai nisa, kuma mutane suna ƙaura daga jihohin da cutar ba ta ƙare ba. Don haka ake buƙatar masu zama a bakin ruwa su kama ƙudaje a kai ɗakin gwaji, shekara bayan shekara. A dajin da 'yan bindiga suka daɗe suna hana manomi zuwa gonarsa, daga Dogon Dawa har Kuyello, wannan tsaron ido ba zai yiwu ba sai hanya ta buɗe, ma'aikacin lafiya ya iya zuwa ya dawo gida lafiya.