Taswira a Cikin Aljihu

Kwanan baya muna koya wa 'yan aji biyar labarin ƙasa, muka rataye tsohuwar taswirar Nijeriya a jikin allo. Sai wani yaro ya ce mahaifinsa ba ya bukatar wannan takarda, gama wayarsa takan gaya masa ya juya dama ko hagu. Muka yi dariya, amma yaron bai yi ƙarya ba. To, yaya waya take sanin hanya?

Sojojin Amurka ne suka ƙago wannan dabara da ake kira GPS, suka harba tauraronta na fari a 1978. A 1983 wani jirgin saman Koriya ta Kudu ya ɓata hanya ya shiga sararin Tarayyar Sobiyet, aka harbo shi, mutum 269 suka hallaka. Sa'an nan Shugaba Reagan ya yi alkawari za a bar farar hula su mori GPS. Yanzu taurarin sun kai wajen 30, suna can sama kimanin kilomita 20,000, kowane yana kewaya duniya sau biyu a rana yana aiko da saƙon inda yake da ainihin lokaci. Wayarka in ta ji guda huɗu, sai ta lissafta inda kake tsaye. Sauraro kaɗai take yi, watau wannan ba ya cin kuɗi. Taswirar ce take bukatar intanet, ita ma Google Maps ya yarda ka sauke ta tun kana gida.

Amma a lura, tauraro ya san inda kake, bai san halin da hanya take ciki ba. A watan Yuni na 2017 ruwa ya cinye gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba. Direbobin tasha sukan ji irin wannan labari tun kafin a gyara taswira. Haka kuma mai tafiya Kano daga Jos, waya takan nuna masa ta Saminaka da dajin Falgore. Za ta faɗi nisa da yawan awoyi, amma ba za ta ce masa kada ya bari dare ya same shi a daji ba. Awoyin nan ma, mun lura, ba su cika lissafta shingen hanya da tsayawar yara ba.

Sai a yi hankali da sunaye. Akwai Tudun Wada a Jos, akwai a Kaduna da Zariya, ga kuma ta Jihar Kano. Wani abokin aikinmu ya rubuta Sabon Gari kurum ya kama hanya, sai da ya yi nisa ya gane wani Sabon Garin dabam ake kai shi.

A gidanmu, in za mu tafi ƙauye lokacin Kirsimeti, tun daren jiya mukan zauna da yara mu duba hanyar a waya, mu sauke taswira, mu tambayi wani da ya bi ta cikin makon. Babbar 'yarmu ce take rubuta sunayen garuruwa bi da bi a takarda, gama batir ya taɓa mutu mana a Pambeguwa. Ita ce kuma take riƙe wayar a mota, domin idon mai tuƙi ya zauna a kan titi.