Shunin marina da igiyar ruwan Hokusai

Ka taɓa ganin hoton wata ƙatuwar igiyar ruwa da ta taso za ta rufe kwale-kwale uku, ga dutsen Fuji ɗan mitsitsi can nesa? Aikin Katsushika Hokusai ne, ya fito wajen 1831, kuma tun 2024 yana bayan takardar kuɗin Japan ta yen 1,000.

Bugawa aka yi, kamar yadda ake buga hatimi. Mai zane ya zana, masassaƙi ya manna zanen a allon icen ceri ya fafe duk inda ba a son tawada. Kusan kowane launi da allonsa. Sai mai bugu ya shafa launi da ɗan kunun shinkafa, ya ɗora takarda mai danshi, ya murza bayanta da wani faifai da hannu. Akwai ƙananan alamomi biyu a gefen kowane allo inda takardar ke zama, don kada launi ya zame ya hau kan wani. Sararin sama kuwa, da yake farawa da duhu ya tafi yana washewa, da ruwa ake yinsa: a jiƙa allon, a sa launi a gefe guda, a baje da buroshi.

To, ina ruwanka da wannan a Kambarawa? Shuɗin. Wani ɓangarensa shuni ne, sinadari ɗaya da na baban da marinanmu ke zubawa a karofi, irin na Ƙofar Mata a Kano, ko da yake Japanawa daga wani tsiro daban suke samunsa. Binciken gidan tarihi na Metropolitan a New York ya nuna an haɗa shi da wani shuɗi na ƙarfe, wanda aka fara haɗawa a Berlin wajen 1706, ya shiga Japan ta tashar Nagasaki. Wannan baƙon ya fi kaifi, kuma ba ya saurin koɗewa kamar shuɗin fure da suka saba da shi. A ganina shi ya ba ruwan nauyinsa.

Amma fa da za ka zuba shi a karofi, ka yi asara. A ruwan toka, idan karofin ya tsumu, shuni na narkewa har ya kama zare, ya fito kore-kore, iska ta mai da shi shuɗi. Shi na Berlin, ruwan tokar wargaza shi yake yi, ya koma ruwan ƙasa kamar tsatsa.