Katangar Fata: Abin da Ke Rusa Ta da Abin da Ke Gyara Ta

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, ƙorafin da ake ji a gidaje da kemis-kemis kusan iri ɗaya ne: jiki ya yi fari busu-busu, leɓe ya tsattsage, diddige ya yi faso, ƙaiƙayi ya hana barci. Wata kuma za ta ce man da ta shekara tana shafawa lafiya lau, yau ko kusa da fuskarta ya zo sai raɗaɗi. Mutane da yawa suna ɗauka bushewa ce kawai, sai su ƙara lafta mai, ko su ƙara dirzar jiki da soso wai don datti ya fita. Likitocin fata kuwa abin da suke gani daban ne. A wurinsu, shingen da ke saman fata ne ya yi rauni, kuma gyaransa yana da ƙa'ida.

Wannan shinge wata shimfiɗa ce siririya ƙwarai. A yawancin sassan jiki kaurinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na milimita ɗaya ba, kuma matattun ƙwayoyin fata ne jere hawa-hawa, wajen hawa 15 zuwa 20. A farkon shekarun 1980 wani likitan fata na Jami'ar Kaliforniya da ke San Faransisko a Amurka, Peter Elias, ya kwatanta ta da katangar tubali: matattun ƙwayoyin su ne tubalan, maiƙon da ke tsakaninsu shi ne ƙasar da ke haɗa su. Maiƙon nan iri uku ne. Kusan rabinsa wani sinadari ne mai suna seramaid, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kolestarol ne, akasarin ragowar kuma nau'in kitsen da ake kira fati asid. Muddin katangar tana tsaye, ruwan jiki ba ya tsiyayewa ta fata, ƙura da ƙwayoyin cuta da sinadarai masu zafi ba sa samun ƙofar shiga. Idan ƙasar da ke tsakanin tubalan ta zaizaye, ruwa ya yi ta fita, abin waje ya yi ta shiga. Shi ya sa man da ba ya zafi a da yake zafi yanzu: ya sami tsaga, ya kai ga jijiyoyi.

Hunturu yana da nasa laifin. Ƙurar da ke tasowa daga yankin Bodele na ƙasar Chadi tana zuwa da iska busasshiya, har laimar iska a gari kamar Kano takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Amma ɓarnar da mutum ke yi wa fatarsa da hannunsa ta fi ta iska yawa. Ruwa mai zafi sosai yana narkar da maiƙon. Soso mai kaushi yana kankare tubalan tun ba su kai lokacin faɗuwa ba. Sabulu ma haka: lafiyayyar fata tana da ɗan tsami, tsakanin 4.5 da 5.5 a ma'aunin masana, yayin da sabulun sanda na gama-gari ke kaiwa 9 ko 10, kuma sinadaran da ke ƙera seramaid a cikin fata sun fi aiki idan akwai wannan tsamin. Sai wanki da wanke-wanke da garin sabulu da hannu tsirara, sai dilka da halawa da goga lemun tsami a kai a kai, musamman lokacin gyaran jikin amare, inda ake son a ga canji cikin mako biyu.

Babbar mai rusa katangar a yau ita ce bilicin. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya nuna kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Da yawa daga mayukan haɗi da ake sayarwa a roba marar suna suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi irin su kilobetasol, wanda asalinsa magani ne da likita ke rubutawa na ɗan lokaci. Idan aka ɗauki watanni ana shafa shi, yana hana fata ƙera maiƙonta, ta yi sirara har jijiyoyin jini su bayyana, nankarwa ta fito a damtse da cinya, makero ya bazu, ciwo ya ƙi warkewa. Haidurokwinon kuma, wani sinadarin da ke cikin irin waɗannan mayukan, idan aka daɗe a kansa, yana barin baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Wasu mayukan har da zaiba a cikinsu, mai illa ga ƙoda. Abin baƙin ciki ne a ga yarinya ta kashe kuɗinta ta sayi abin da zai raba ta da lafiyar da aka haife ta da ita, ta kuma koma wurin mai haɗin nan neman maganin ƙunar da haɗinsa ya jawo.

Saboda haka matakin farko na gyara ba a kanti yake ba. Sai an daina abin da ke ɓarnar tukuna, in ba haka ba duk tsadar mai asara ce.

Sinadaran gyaran kansu ba su da yawa, kuma wanda ya fi kowanne ƙarfin hujja shi ne wanda aka fi rainawa: basilin. Wani masanin haɗa sinadarai, Robert Chesebrough, ya ga ma'aikatan rijiyoyin mai a Fensilbaniya a 1859 suna shafa wani danƙo da ke taruwa a jikin injina a kan ƙuna da yanka. Ya tace shi, ya yi masa rajista a 1872, shi ne Vaseline. Basilin ba ya ƙara wa fata ruwa, rufe ta yake yi, kuma yana iya rage ruwan da ke fita da kusan kashi 98 cikin 100, abin da babu wani mai da ya kama ƙafarsa. Da wuya ya jawo borin fata, shi ya sa asibitoci ke amfani da shi a kan ciwo. Sai dai lokacin shafawa ne sirrinsa. Wanda ya shafa shi a kan busasshiyar fata ya rufe bushewa ne kawai. A shafa shi da an fito daga wanka, jiki na da sauran danshi, sannan a zaɓi fari tas marar turare. Mai alwala da ruwan sanyi sau biyar a hunturu zai ga bambanci idan ya riƙa shafa kaɗan a diddige da bayan hannu bayan ya idar. A watannin zafi kuwa a rage shi, don laftawa da yawa na iya tayar da ƙurajen zafi.

Ruwan da basilin zai rufe, gilisarin ne ke jawo shi. Sinadari ne mai arha da ke kama ruwa ya riƙe a cikin matattun ƙwayoyin fata, kuma duk man kirki za a tarar da sunansa a sahun farko na jerin kayan haɗin da ke bayan kwalba. Zallarsa yana da danƙo, yana iya yin zafi a fatar da ta tsage, don haka an fi son sa cikin mai ko a sirka da ruwa, a kuma bi shi da abin rufewa, musamman a busasshiyar iska irin ta arewa. Abokin aikinsa shi ne yuriya, wanda fata da kanta take da shi. Man da ke da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na yuriya yana tausasa fata, wanda ya kai kashi 20 ko fiye kuwa yana narkar da kaushi, shi ya sa ya dace da faso. Ba a sa mai ƙarfin a fuska, ba a sa shi a fatar da ke jini.

Seramaid shi ne sunan da ya fi tashe a kasuwa yanzu, kuma tashen yana da tushe. Masu fama da cutar ƙaiƙayin nan ta gado da likitoci ke kira ezima an tabbatar seramaid ɗinsu ya gaza na sauran mutane, haka kuma yana raguwa da tsufa. Amma akwai wani abu da talla ba ta faɗa. A gwaje-gwajen da Elias da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1990 a kan ɓeraye, sun gano cewa shafa ɗaya ko biyu daga cikin nau'o'in maiƙon nan uku yana iya jinkirta warkewar fata, sai an haɗa ukun tare take farfaɗowa yadda ya kamata. Don haka mai sayen man seramaid ya duba ya ga akwai kolestarol da fati asid a tare da shi. Irin waɗannan mayukan suna da tsada, jabunsu ya cika kasuwa, kuma wanda ba shi da halin saye bai rasa hanyar warkewa ba, domin fatar da aka rufe aka bar ta ta huta tana ƙera nata seramaid ɗin. Niyasinamaid, wato wani nau'in bitamin B3, yana taimaka mata a wannan aikin, kuma kashi 2 zuwa 5 cikin 100 ya wadatar. Fantenol, ɗan gidan bitamin B5, yana kwantar da raɗaɗi.

Man kaɗanya kuwa ba baƙo ba ne. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwarar kaɗanya, Jihar Neja na cikin manyan wuraren da ake tsinto ta, kuma man da kakanni suka riƙa shafa wa jarirai shi ne kamfanonin Turai ke saye suna zubawa a kwalabe masu tsada. Yana cike giɓin da ke tsakanin ƙwayoyin fata, yana kuma rufe ta daidai gwargwado, ko da yake bai kai basilin rufewa ba. A nemi tsantsarsa, wanda bai yi warin tsufa ba, ba a kuma cakuɗa shi da turare ko wani haɗi ba.

Ba kowane man gargajiya ne ke gyara ba, kuma a nan mutane da yawa za su yi mamaki. A wani bincike da aka wallafa a 2013, masu bincike a Jami'ar Shafil ta Ingila sun sa manya suna shafa man zaitun a hannu ɗaya, man sanfulawa a ɗayan, na tsawon makonni huɗu. Sakamakon ya nuna man zaitun ya raunana shingen fatar, har ta ɗan yi ja, yayin da man sanfulawa, furen nan mai bin rana, ya bar shingen lafiya ya kuma ƙara danshi. Dalili shi ne man zaitun ya cika wani kitse mai suna oleyik da ke kutsawa ya sassauta maiƙon fata, shi kuwa na sanfulawa yana da linoleyik, wanda fata ke buƙata wajen gina seramaid. Wannan bai rage wa zaitun darajarsa ta abinci ba, amma ga fatar da ta riga ta tsage, ko ta jariri mai ƙaiƙayi, ba shi ne zaɓi ba. Amfanin man sanfulawa ya fito fili a wani asibitin yara da ke Daka a Bangaladash, inda binciken da aka wallafa a 2005 ya nuna jarirai bakwaini da aka riƙa shafa musu shi sun sami raguwar kamuwa da cututtukan asibiti da kashi 41 cikin 100.

A lokacin jinya, fata na son a rage mata kaya. Wanka gajere da ruwa mai ɗumi, sabulu marar zafi a wuraren da ke buƙata kawai, a ajiye soso, a tsane jiki da tawul ba tare da gurzawa ba. Turare, lemun tsami, kayan goge fata da duk man da aka ce yana ɓare tsohuwar fata, a jingine su. Wadda ta daina bilicin tana buƙatar man kariya daga rana da mayafi ko lema, saboda fatarta ba ta da garkuwar da take da ita a da. Sauƙi yakan fara cikin 'yan kwanaki, amma saman fata na ɗaukar kusan makonni huɗu kafin ya sabunta kansa, na tsofaffi ma fiye da haka. Ɓarnar sitiroyid kan ɗauki watanni, nankarwarsa kuma ba ta gogewa gaba ɗaya.

Akwai inda mai ba zai wadatar ba. Wadda ta daɗe tana shafa man haɗi a duk jiki kada ta yanke shi dare ɗaya, domin fata na iya yin ja ta kumbura ta yi zafi kamar wuta, kuma jiki kansa ya saba da maganin. Likita ne zai tsara mata yadda za ta rage a hankali. Fatar da ke tsattsafo da ruwa, ko ta yi ɓawo mai ruwan ɗorawa, ko ta zo da zazzaɓi, ƙwayar cuta ta shiga, sai asibiti. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da ke Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suna da likitocin fata. Mai ciwon suga da ya ga faso ya buɗe a ƙafarsa, ko da ba ya jin zafi, ya nuna wa likita a makon, kada ya jira hunturu ya wuce.